Azumin da Aka Tashe Mu Daga Lambu

Azumin bana ya faɗo cikin zafin nan na Legas da ke zuwa gab da ruwan farko, zafin da ba ya ƙona fata irin na Arewa, sai dai ya dafa mutum a cikin rigarsa. An ce azumi zagaye yake yi, sai ya shekara talatin da wani abu kafin ya komo lokacin da ya bari. To, ya komo. Ya same ni zaune bayan teburin albasa da tattasai a gefen layin dogo na Agege, kai ya yi fari, gwiwa ta ƙi, ina korar ƙuda daga kayan da mutane ke tayawa su wuce ba su saya ba. Ban ga laifinsu ba. Ni kaina da nake sayarwa, in na ji farashin da ke fita daga bakina sai kunya ta kama ni.

Ran nan da hantsi Alhaji Sule, shugaban ƙungiyarmu ta 'yan gwari, ya sauka daga babur ɗin okada yana share gumi, ya tsaya a kaina.

"Baba Habu, an gayyace mu Ikeja. Masana ne za su taru a kan tsadar abinci, farfesoshi da manyan malaman gona. Sun ce ba za su tsayar da magana ba sai sun ji ta bakin kowa, har mu na kasuwa. Ina so ka je. Kai ne dattijonmu, ga Yarbanci a bakinka."

Na ce masa ya nemi wani.

"Haba Baba, mota fa za su aiko. Ga sanyin esi a wurin, ba wata wahala."

"Na san esin," na ce. "Na taɓa shan sa. Ka nemi wani."

Ya tafi yana ganin tsufa ne ya fara taɓa ni. Ban tsaya yi masa bayani ba, don bakina a bushe yake, labarin kuma ba na tsaye ba ne. Amma tun ranar ban sake samun sukuni ba. Ina zaune a kasuwa, hankalina yana can kwarin Oko-Oba, a wancan azumin, da garwa biyu a kafaɗata.

In ka bi layin dogo daga Agege ka yi wajen Oko-Oba, akwai wani kwari da rafi ke ratsawa. Yau gidaje ne masu bene, kowanne da katangarsa da karensa. A da lambu ne, tun daga bakin hanya har inda ido ya ƙare: alayyahu, latas, lalo, rama, albasa mai lawashi, fangali bayan fangali. Mahaifina, Malam Ilu, yana cikin waɗanda suka sare dajin wurin. Ya zo Legas yana saurayi a cikin taragon shanu, ya yi 'yan shekaru yana aikin ƙarfi a kara, kasuwar shanu, sannan shi da wasu abokansa suka roƙi Baale, wato mai unguwar Yarabawan wurin, ya ba su kwarin da ba wanda ke so saboda macizai da sauro. A nan ya yi aure, a nan aka haife ni, a nan ya binne 'ya'ya biyu. Ni Yarbanci ya riga Hausa zama a bakina. Ƙauyensu Baba, Gidan Tsamiya, can bayan Ɗambatta, sunansa kawai na sani. Shi kansa rabonsa da can tun rasuwar mahaifiyarsa, lokacin ina rarrafe.

Akwai abin da ake yi duk shekara, na tashi na tarar ana yi. In an yi yankan farko na rani, dattawan lambu sukan sa manyan riguna, a ɗauki kwandon ganye mafi kyau da ƙullin goro, a tafi gidan Baale. Sarkin lambu, Alhaji Ɗanjuma, shi ke magana. Ya durƙusa ya ce, mu baƙi ne, neman abinci ya kawo mu, ƙasa taku ce, ranar da kuka ce mu tashi za mu tashi. Baale kuma ya yi dariya, ya kaɗa wutsiyar sarautar da ke hannunsa, ya ce wane irin baƙi, ku 'ya'yana ne, ku je ku yi ta nomanku. A yi addu'a, a watse. Wannan magana da amsarta su suka riƙe lambun tun kafin a haife ni, kuma ba a taɓa yin shekarar da amsar ba ta zo ba.

A shekarar da nake ba da labari ina da mata da ɗa ɗaya. Muna haya a wani gida mai dogon lungu a Agege, ɗakuna suna kallon juna, Baba da Inna a ɗaya, ni da Rabi a na kusa. Shekara ce ta tsada. Gero ya yi wuyar gani a kasuwa, shinkafa kuwa sai dai a ji ƙanshinta daga gidan wani. Sukari ya fita daga gidanmu tun kafin azumi ya kama. Inna, wadda a da take cewa garin kwaki abincin gwauraye ne, ta koma tana auna shi da gwangwani tana bubbuga gefensa kada ƙwaya ta maƙale. Lambun nan shi kaɗai ya tsaya tsakaninmu da roƙo.

Da an sallame asuba muke kama hanya, ni da Baba. Ban ruwan safe shi ne mai sauƙi, don sahur yana nan a ciki. Kowa da garwarsa biyu rataye a sanda, a sauka 'yar rijiyar da aka haƙa a bakin rafi, a cika, a hau, a bi fangali ana yayyafawa, a komo. Haka za a yi ta yi har rana ta ɗaga. Kafin nan matan Yarabawa masu sari sun iso da kwandunansu. Mai sayen na Baba ita ce Iya Sikira, wata doguwar mata mai muryar da ake ji tun daga layin dogo. Ba ta sayen ganyen kowa sai nasa, kuma ba ranar da ba ta ce ya cuce ta ba. Shi kuma ya mayar mata da Yarbanci cewa ita ce ta hana shi zuwa Makka. Su rabu suna dariya, ta ɗora kwando ta yi gaba.

Da rana ta take sai mu shige rumfar buhu mu kwanta a kan kwali. Ba barci ake yi ba. Iska ba ta motsi, gumi yana bin haƙarƙari, ƙurajen zafi suna cizo a wuya da gadon baya. Jiragen sama na Ikeja su wuce ta kanmu ƙasa-ƙasa, har ka ga tayoyinsu. Kusan kullum bayan azahar hadari yakan haɗu ta wajen teku, ya yi baƙi, a ji ƙanshin ruwa, tsofaffi su ɗaga kai suna motsa leɓe. Sai iska ta zo ta kwashe shi ta yi wani wajen da shi, ta bar mana zafin da ya fi na farko.

Ban ruwan la'asar shi ne azaba. Ka shiga ruwa har gwiwa, ruwa yana zuba a bayanka daga garwa, kana jin yadda ƙasa ke tsotse shi da 'yar ƙara, kai kuwa harshenka ya manne da dasashi. Na sha tsayawa ina kallon latas yana miƙewa bayan an ba shi ruwa, ina jin haushinsa har cikin raina. Baba ba ya magana a wannan lokacin. Carbi yana wuyansa, ƙafarsa duk faso, yana tafe a hankali kamar wanda ke gudun kada ya tashi mai barci. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma ban taɓa riga shi ajiye garwa ba tare da na ji kunya ba.

Buɗa-baki a bakin ƙofar gida muke yi, don ɗaki ba ya zaunuwa. Kunun tsamiya ne tsararo, ba sukari, wani lokaci da ƙosai 'yan ƙwaya da Rabi ke rabawa tana kauce wa idon mutane. In an ci sa'a akwai wuta, maƙwabciyarmu mai firij takan aiko da guntun ƙanƙara, a jefa a kwano, kwanon ya zagaye mu. Bayan magariba sai teba da miyar alayyahu. Jiya alayyahu, yau alayyahu, sai dai Inna ta canja masa suna. Ba nama, ba kifi, manja ɗan ɗigo. Amma ana ƙoshi, ko aƙalla ciki yana yin shiru, kuma ganyen namu ne.

Wajen goma ga wata rafi ya ja baya, rijiyoyi suka koma taɓo. Sarkin lambu ya kira gayya. Muka riƙa bin rijiyoyin ɗaya bayan ɗaya, samari a ciki suna haƙa, dattawa a sama suna karɓar bokitin laka. Wani tsoho, Tanko, ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar fangalinsa da garwa a kafaɗa. Aka ɗauke shi zuwa rumfa, aka jiƙa masa rawani aka ɗora a ka, ya farfaɗo yana rantsuwa ba zai karya azumi ba. Daga ranar muka raba fangalinsa a tsakaninmu, kowa ya ƙara a kan nasa. Ba wanda ya yi ƙorafi a fili, amma a zuci kowa yana tambayar kansa ranar da zai bi sahun Tanko.

Ana cikin haka masana suka zo. Mota ce fara ta tsaya a bakin hanya, mutane suka fito da takalma masu ƙyalli suna neman inda za su taka. Shugabarsu wata Bayarabiya ce mai tabarau, Dokta ake ce mata. Ta gaishe da dattawa da rusunawa, ta zagaye lambun, ta tsuguna ta ɗebi ruwan rijiya a kwalba, ta murza ƙasa a yatsunta. Ta ce birni yana jin yunwa, hukuma tana so ta tsara yadda za a ciyar da shi, an haɗa masana daga ko'ina don su zauna su daidaita a kan magana ɗaya. Ta ce ba za a yanke komai a kan lambun nan ba sai an ji ta bakin masu shi. Ta gayyaci dattawa Ikeja. Kafin su tafi muka cika musu bayan mota da latas da alayyahu, suna a'a, muna turawa.

Ranar ba a yi maganar komai a rumfa ba sai injin ban ruwa. Wani ya ce ya ji ana raba shi a wani wuri. Wani ya ce rijiyar burtsatse za a haƙa. Har Baba, wanda ba ya saurin sa rai, ya ce mini a hanya, "Habu, in aka samu inji, kafaɗarka ta huta. Ni tawa ta riga ta mutu." Na daɗe ban ga haƙoransa a waje ba sai ranar.

Dattawa biyar suka tafi, ni na bi su don riƙe wa Baba jaka da taimaka masa hawa motar danfo. Ɗakin taron sanyi ƙalau, har gumin jikina ya koma kamar an watsa mini ruwan randa. A gaban kowa an ajiye kwalbar ruwa mai raɓa a jiki. Muka tura namu gefe, amma ido bai daina komawa ba. An ba mu kujeru a gaba, aka sa wani Bazazzagi daga cikin malaman gonar ya riƙa fassara wa dattawa.

Sun yi magana mai tsawo, kuma ba zan ce ta banza ba ce. Wani ya ce ruwan rafin yana ɗauko ƙazantar unguwa, ganyen da aka shayar da shi yana iya sa ciwo. Gaskiya ne, mun sani. Wani ya ce abin da birni ke buƙata shi ne babban rumbun ajiya kusa da layin dogo, don kayan Arewa su daina ruɓewa, kuma kwarinmu ya dace da shi. Dokta ta ce lambun yana ciyar da unguwanni da yawa da ganye mai araha, a bar shi, a haƙa mana ruwa mai tsabta. Wani mai gemu ya ce shi a saninsa masu lambun Legas 'yan ci-rani ne, da damina ta faɗi suke komawa gonakinsu, don haka taimakon da zai amfane su shi ne iri da taki a can garuruwansu. Aka yi ta ja, har aka zo inda kowa ya yarda: in mazauna ne, a bar musu wurin a gyara musu ruwa, in masu zuwa su koma ne, a yi rumbu, a taimake su a gida. Sai Dokta ta juyo ta ce, ga su nan, a tambaye su.

Sarkin lambu ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa, ya yi sallama, ya gode wa hukuma, ya gode wa masu ilimi. Tun daga yadda ya sunkuyar da kai na gane abin da zai faɗa.

"Mu baƙi ne," ya ce. "Neman abinci ya kawo mu. Ƙasa taku ce. Ranar da kuka ce mu tashi, za mu tashi."

Ya tsaya, kansa a ƙasa, yana jira. Sauran dattawan ma suna jira, har da ɗan murmushi. Bazazzagin ya fassara. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya ce ku 'ya'yanmu ne. Sai ƙarar alƙaluma.

Dokta ta cire tabarau. Ta dubi Baba, don shi ta fi sabawa da shi a lambu, ta ce a tambaye shi ina ne gida.

"Gidan Tsamiya, ƙasar Ɗambatta," in ji Baba.

"Kana da niyyar komawa?"

"In Allah ya yarda. Kowa ai yana son gida."

Me zai ce? Ban taɓa jin Bahaushen Legas da ya buɗe baki ya ce ba zai koma gida ba, ko da a Agege aka yanke masa cibiya. Faɗin haka kamar zagin kabarin iyaye ne. Na yunƙura zan tashi in ce shekararsa arba'in a nan, in ce ni ban san hanyar Ɗambatta ba. Hannun Baba ya kama gefen rigata ta ƙarƙashin tebur, ya ja ni ƙasa da ƙarfin da ban san yana da shi ba. Yaro ba ya magana bayan Sarki ya yi.

Dokta ba ta haƙura ba. Ta ajiye tafinta, ta yi masa magana kai tsaye da Yarbanci, a hankali, ta ce Baba, ka gane abin da ake tambaya, nan ne wurin zamanka ko kuwa? Baba ya amsa mata da Yarbancin da ya fi na wasu a ɗakin kyau, irin na tsofaffin Agege, har da lafazin girmamawa a muryarsa. Ya ce shi baƙo ne a ƙarƙashin inuwarsu, abin da manya suka gani shi ne daidai.

Shugaban taron ya tambaya ko akwai mai ja. Babu. Ya ce abin farin ciki ne a ga masana da manoma sun haɗu a kan magana ɗaya. Aka tafa, aka jera mu aka ɗauki hoto, aka ba mu shinkafa a ƙunshe saboda muna azumi.

A cikin danfo na kasa haɗiye abin. Raina ya ɓaci yadda bai taɓa ɓaci da mahaifina ba.

"Baba, kun ba da lambun fa. Da bakinku."

"Kai yaro ne," ya ce, yana kallon taga. "Ba a shiga gidan mutane a ce ɗakin nan nawa ne. Kai ka ce kai baƙo ne, mai gida shi zai ce zauna. Haka ake yi."

"Ba su ce ba."

"Za su ce. Manya ba sa gaggawa. Ba ka ga matar nan tana da mutunci ba?"

Kwandasta yana ta ihun Agege, Agege, shinkafar tana ɗumama mini cinya. A daren muka ci ta, yarona yana tsintar ƙwayar da ta faɗi a tabarma. Ita ce shinkafar da muka ci a duk azumin.

Muka koma ban ruwa. Dattawa suna jiran amsa, rijiyoyi suna ƙara ƙafewa. A goman ƙarshe amsar ta zo: mutane da abin awo mai ƙafa uku da turakun siminti. Suka ce mu kwashe abin da za mu iya kafin Sallah, taimakon iri da taki kuma kowa zai same shi a ƙaramar hukumarsu ta gida. Dattawa suka sa manyan riguna suka ruga gidan Baale, ba ko goro. Tsohon yana kwance ba lafiya. Ya saurare su, sannan ya ce kwarin ya fita daga hannunsa tun da daɗewa, na hukuma ne, shi dai yana karɓar ganyensu ne yana sa musu albarka don bai san yadda zai gaya musu ba. Sarkin lambu ya fito daga gidan yana laluben takalminsa kamar makaho.

Dokta ta zo sau ɗaya ana kafa turaku. Ba ta sauko kwarin ba, ta tsaya a bakin hanya. Da na zo wucewa da kwando ta kira ni, ta ce da Yarbanci, "Na yi ta tambayar mahaifinka. Kana wurin." Na ce ina wurin. Ta ce abin da aka haɗu a kai ba mai iya warware shi shi kaɗai. Na gyara kwandona na wuce. Ba ƙarya ta yi ba, kuma ba ni da abin da zan yi da gaskiyarta.

Kwanakin nan na ƙarshe ba na son tuna su. Muka yanke wanda ya isa yanka da wanda bai isa ba. Latas ɗan ƙarami da bai fi tafin hannun jariri ba, alayyahu da bai gama fitar da ganye ba, duk muka tuge. Ganye ya cika kasuwar Agege a rana ɗaya har ba mai kallonsa, da la'asar ya yi yaushi, awaki suka samu. Iya Sikira ta zo ta tsaya a kan fangalin Baba, ta ɗora hannu biyu a ka, ta zagi masu awo, ta zagi dattawa, ta zagi Baba da ya tsaya yana kallonta. Sannan ta zauna a ƙasa ta yi kuka da majina. Baba ya cika mata kwando ya ɗora mata, ya ce ta je kada rana ta yi mata. Da yamma na gan shi ya ɗauki garwa ya nufi rijiya, sai da ya cika ya hau sannan ya tuna ba abin da zai ba ruwa. Ya zuba a kan ƙasar haka nan.

Aka yi Sallah ba ɗinki, ba miyar kaza. Kwana kaɗan bayan Sallah ruwan da muka yi wata muna roƙo ya sauko, irin na Legas, kamar da bakin ƙwarya. Kwatoci suka cika, rufin ɗakinmu ya yi ta zuba, yara suna tsalle tsirara a lungu. Na bi layin dogo a jiƙe na je na leƙa. An fara jera bulon katanga, rafi ya cika ya tumbatsa, rijiyoyin da muka haƙa da azumi a bakinmu duk sun shafe. Rumbun da aka ce, allonsa kawai aka kafa. Allon ya yi tsatsa ya faɗi, daga baya gidaje suka tashi, ban san yadda aka yi ba, ba wanda ya tara mu ya gaya mana.

Baba ya ce to, tunda an ce taimako yana gida, zai je gida. Damina ta kusa a can, akwai gonar mahaifinsu, in ya share ya yi shuka sai ya aiko mu taho. Inna ta wanke masa riguna, ta ɗaure masa fartanyarsa a cikin buhu. Na raka shi kara, ya hau motar shanu da za ta koma Arewa ba kaya. Yana ta yi mini bayanin tsamiyar da ke ƙofar gidansu, da rijiyar da ruwanta ke da zaƙi, da irin geron da ake samu a jigawarsu. Na koma na fara dako a kasuwa, ina sauke buhunan albasa, muna jiran saƙo.

Ba saƙo ne ya zo ba, shi ne ya zo. Wata bai cika ba, da wata la'asar ana yayyafi, na dawo na same shi zaune a bakin ƙofa a kan benci, ya rame, ƙafafunsa sun kumbura saboda zaman saman motar albasa. Inna ta kawo masa ruwa ta koma gefe ta tsaya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce yaya mutanen gida.

"Lafiya lau," ya ce. "Sun karɓe ni hannu bibbiyu. An yanka mini kaza, an share mini ɗakin zaure. Gonar, 'ya'yan yayana sun raba tun tuni, kowa da iyalinsa, ban tayar da maganar ba. Na je sakatariya batun taki, sun ce na masu gona ne."

Ya sha ruwan, ya riƙe kofin da hannu biyu.

"Yaran kirki ne, wallahi. Kullum da safe babbansu sai ya zo ya gaishe ni, gwiwa har ƙasa. Ran nan bayan ya gaishe ni ya ce, Baba, yaushe za ka koma gida, don mu haɗa maka tsaraba."

Ya tura wa Inna buhun da ke gabansa. Kuka ce da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Fartanyar ba ta ciki, ya ce ya bar wa yaran. Da tsarabar muka yi ta miya har damina ta fita. Shi kuwa gadi ya samu a Ikeja, a ƙofar wani gida mai furanni da wani ke ba ruwa da tiyo, yana buɗe wa oga ƙofa yana rufewa. A kan bencin gadin aka same shi wata safiya, bayan shekara uku, da carbi a hannu. A Agege muka binne shi.